Likkafani Mai Cin Harawa

Kano, Janairu

Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Maganar sabon kuɗi gaskiya ce. An sauya launin dubu ɗaya, kuma an ce ƙarshen wata tsohuwar za ta zama takarda. Wai don masu sayen ƙuri'a aka yi, amma mu ne a layin banki. Na san kuɗin da kika ƙulle a ƙasan adaka domin likkafaninki. Ki ba direban Ɗanbatta ya kawo mini in zuba a asusuna. Idan lokaci ya yi, ai ina nan.

Ɗanki, Nababa

Nababa,

Ina amsawa, Allah ya yi maka albarka. Ba zan bayar ba, kada ka ji haushi. Da babanka ya rasu sai da aka zaga dangi kafin a haɗa kuɗin yadi, na kuwa ci alwashi ba za a zaga saboda ni ba. Kai ma iyali gare ka.

Na je kasuwar Ɗanbatta in sayi yadin in huta. Mai yadi ya janye hannu kamar garwashi na miƙa masa. Na zaga har la'asar, sai a kara wajen masu dabbobi aka karɓa, shi ma da tsada. Na dawo da tunkiya mai ciki. To, ga likkafanina nan a turke yana cin harawa. Ranar da na cika ku sayar da ita.

Ka gaishe da yara.

Mahaifiyarka, Kaltume

Kano, Maris

Inna,

Bayan gaisuwa. Na yi dariya da na karanta wasiƙarki, daga baya na yi kuka a shago. Ga shi yanzu kotu ta ce a ci gaba da karɓar tsohon kuɗin, wahalar banza aka ba ki. Dabbobi sun yi daraja. Ki sayar da ita ki sayi yadinki, hankalinki ya kwanta.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Nababa

Nababa,

Muna lafiya. Tunkiyar ta haifi biyu. Har bakin rijiya take bina, makwabta na ta yi mana dariya. Tun rasuwar babanka ban samu abin da nake ɗokin tashi dominsa da safe ba sai yanzu. Ba zan sayar ba, ku ma kada ku sayar.

Yadin kai za ka saya. Na bar maka.

Allah ya yi albarka.

Inna