Wankin Cikin Yaya Midhat

Mansura, Lahadi

Yaya Midhat,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Samah da yara. Na ma san lafiya kuke, tunda ba ku neme mu ba. Ka daina ɗaukar wayata, shi ya sa na ba mai motar da ke zuwa garinku Bur Sa'id wannan takarda ya kai maka har kanti.

Gudawar Baba ta sake dawowa. Ya rame har zoben hannunsa yana zamewa, ko miyar waken adas ba ta zama a cikinsa. Likita ta ce magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka yi ta ɗura masa bayan aikin ƙafarsa sun share har ƙwayoyi masu amfani na hanjinsa, sai wata muguwar ƙwaya ta samu fili. Abin da ya rage shi ne a ɗebi bayan gidan mai lafiya, a tace, a zuba masa a hanji ta bututu. Ka ji shi da sunansa, tunda a waya kana yi kamar ba ka gane ba.

Ni ciwon sukari ya fitar da ni daga masu bayarwa. Mijina Sabri ya ce a ɗauki nasa, Baba ya juya fuska bango ya ce, "Direban nan? Ko musabaha da ƙyar nake yi da shi. In ba na ɗan cikina ba ne, ku bar ni in mutu da tsarkina." Saura kai. An ce Samah tana tambayar me abokan kasuwancinka za su ce in suka ji. Ka gaya mata su ma suna zagayawa, ba turare suke zubarwa ba.

Ƙanwarka, in har yanzu kana da ita,
Nagwa

Mansura, Alhamis

Yaya,

Ina gaisuwa don haka aka tarbiyyantar da mu, ba don zuciyata ta so ba. Da fatan ka koma gida lafiya.

Da na gan ka a ƙofar asibiti cikin kwat, wallahi na kusa yafe maka komai. Sai likita ta tambaye ka ko ka sha wani magani kwanan nan, ka gyara zama kana murmushi: "Ai na shirya, likita. Tun da saƙo ya iso nake shan maganin wankin ciki da na kashe ƙwayoyi, mai kemis ɗinmu ya haɗa mini masu ƙarfi. Mahaifina ne fa, zan ba shi ƙazanta ne?"

Ka ga yadda ta ajiye biro? Abin da ake nema a cikinka shi ka bi ka kashe. Ta ce sai bayan wata uku a sake gwada ka, ni da ita kuwa mun san Baba ba shi da wata uku. Ba ka tambayi kowa ba, Yaya. Tun muna yara haka kake, ba ka tambaya, sai dai ka sanar.

Na san don ganin girman Baba ka yi, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai, don na rasa inda zan ajiye fushina. Amma abin da ba zan yafe ba shi ne tafiyarka. Ɗakinsa yana gabanka, ka sunkuyar da kai ka wuce. Ya ji muryarka, ya sa na taje masa gemu yana jira.

Nagwa

Mansura, Asabar, bayan mako biyu

Yaya Midhat,

Sallama da fatan alheri. Ka gaishe da yara, Samah kuma yadda ka ga dama.

An yi wa Baba aikin. Gudawa ta tsaya, jiya ya ci wake da burodi, har ya yi wa mai shayi faɗan sukari. Na Sabri aka saka masa. Ya je aka gwada shi ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya kuma sa na rantse Baba ba zai ji ba. Likita ta ce ita ba za ta yi ƙarya ba, ta karanta wa Baba takarda cewa mai bayarwa ɗan gida ne, ya sa hannu. Ni na yi ƙaryar. Na ce masa ka bar naka kafin ka sha magani, kunya ce ta hana ka shigowa.

Yanzu duk wanda ya zo dubiya sai ya ji: "Midhat ne ya tashe ni. Ɗa ke nan!" Sabri yana tsaye riƙe da butar alwalarsa, Baba ya dube shi ya ce, "Kai kuma ka koyi yadda ake yi." Sabri ya ce, "To, Baba," ya fita ya tayar da motarsa. Ni na shiga banɗaki na yi kukana.

Juma'a mai zuwa zai yanka rago saboda kai, ya gayyaci duk layinmu. Za ka zo. Za ka zauna kusa da shi, ya dafa kanka ya sa maka albarka a gaban jama'a, ka amsa da amin. In gaskiya ta taso maka, ka haɗiye ta da naman, don in ya sani zai daina cin abinci. Sabri ne zai ɗauko ka daga tasha, kuma ban yarda ka gode masa ba, ka zauna a baya ka yi shiru.

Ƙanwarka,
Nagwa