Ƙashin Kaina Yana Cikina

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ta yi sauƙi? Ya maigidanki da yara? Ni dai alhamdulillahi.

Maganin wankin cikin da Inna ta aiko ya iso, Allah ya saka, amma ki gyara mata zancen. Abokin aikina da ya turo muku saƙo, wayarsa ba ta da harafi mai ƙugiya. Ƙashi yake nufi, ba kashi ba.

Ga yadda aka yi. Da na faɗo daga saman ginin da muke yi, ƙwaƙwalwata ta kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa. Sai likita ya yanke ƙashin gefe ɗaya don ta samu wuri, ya ajiye shi a ƙarƙashin fatar cikina kada ya lalace. In kumburin ya sauka za a mayar. Ba wani abu ba ne. Wurin dai ya ɗan lotsa, ina wuni da hular kwano, hannun dama kuma yana min gardama.

Na ji Kawu ya ce a dawo da ni wurin mai ɗori. Ki ba shi haƙuri. Babu inda za ni sai an rufe min kaina, sannan in zo da ƙafata in gaishe shi.

Ki ce wa Inna ta ci gaba da addu'a. Ki kuma duba rubutun nan da kyau. Da wannan hannun mai gardamar na yi shi, kuma ban bar ƙugiya ko ɗaya ba.

Ƙaninki.