Ɗankwalin da Lebada Ya Ƙi

Litinin, 28 ga Afrilu, 2003

Domnica, maƙwabciyata, don Allah ajiye kwanon nan ki saurare ni yanzu-yanzu, kifin ba zai gudu ba. Ga littafi, a akwatin Trofim na samo shi. Ɗauko biro. Ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana. In ruwa ya ci ni, a san abin da ya jawo.

Rubuta: ni Matrona, matar marigayi Trofim, shekarata saba'in da huɗu, yau tsuntsu ya kore ni daga ruwan da aka haife ni a bakinsa.

Lebada ne, namijin. Farin nan mai dogon wuya, wanda ya ninka dinya girma. Matarsa na kwance kan ƙwai cikin kyauro, daidai inda mashigi ya tsuke. Ba wata hanyar zuwa tudu sai nan, kuma a tudun gonata take, can kuma Trofim yake kwance. Ina tuƙi, na ba hanya baya kamar kullum, sai na ji fat! fat! fat! kamar ana bugun wanki. Na waiga. Ga shi yana gudu a kan ruwa, ya ɗaga fukafukai, wuya a lanƙwashe, yana huci. Ya doki gefen kwalekwale, ya doki hannuna. Duba nan. A'a, rubuta tukuna, sannan ki duba.

Bara ma a wurin suka yi sheƙa, kullum ina wucewa, ko kallona bai yi ba. Me na yi masa bana?

Kada ɗana Gavrila ya ji. Ranar da aka rufe ubansa ya ce mini, “Inna, duk ranar da kika kasa kai kanki tudu, ranar zan ɗauke ki zuwa wurina a birnin Tulcea.” Na ce na yarda, don a lokacin ina ganin ranar ba za ta zo ba. Bene hawa na huɗu, Domnica. Taga ɗaya, tana kallon bangon wasu.

Na gode da man zafin. Hannunki na da sanyi.

Talata, 29 ga Afrilu

Ban je ba. Na kwance igiya, na sake ɗaurewa. Dashen tumatir ɗina kwana uku ba ruwa.

Alhamis, 1 ga Mayu

Na tafi wa lebadan da burodin Ista, mai zabibi, rabi guda. Na ce, “Ranka ya daɗe, wucewa kawai zan yi.” Ko kallon burodin bai yi ba, kaina ya nufo. Kaina, Domnica, ba kwalekwalen ba. Na duƙe, filafili ɗaya ya suɓuce, kwalekwale ya yi ta juyi da ni a tsakiyar mashigi, ni kuwa ina kiran duk wani waliyyin da na san sunansa.

Ifrim ne ya zo. Cikin duk mutanen garin nan, sai Ifrim. Shekara arba'in suna jan taru tare da Trofim, shekara arba'in yana tsokanata. Ya tsamo filafilin, ya ɗaura igiyata a bayan nasa kwalekwalen.

“Uwar jarumai! Ke da kika taɓa korar ɗan sanda da muciya, yau kaza ta sa ki kuka?”

Na ce kazar gidanku. Ya ce shi kullum ta nan yake bi, huci kawai tsuntsun yake yi masa.

“To ai ya ga ɗan'uwansa ne, dogon wuya ba hankali.”

Ya yi dariya har ya shaƙe. Amma ya kawo ni har bakin gida, kuma da yamma na ji ashe ya je tudu ya ba tumatir ɗin ruwa, bai faɗa ba. Ki rubuta na gode masa. A nan kawai, kada ki gaya masa.

Yanzu matso. Rufe ƙofar. Akwai abin da nake tsoro.

Shekara guda cur ina cikin baƙin makoki. Ranar Ista na cire, na sa farar riga, na ɗaura farin ɗankwalin da kika ba ni, mai ɗinkin fure a baki. Na duba madubi, Allah ya yafe mini, na ji daɗi. Washegari abin ya fara. Shi kowa ya bari ya wuce, ni kaɗai yake tarewa, kuma a hanyar kabarin. Ina ganin Trofim ne, Domnica. Ina ganin bai so na yi saurin cirewa ba.

Kada ki yi mini wannan kallon. Rubuta.

Asabar, 3 ga Mayu

Jibi ranar ziyarar matattu. Na rina ƙwai goma ja. Ko tsuntsu ko ba tsuntsu, ba zan bar shi ba mai ziyara ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Na mayar da baƙin. Riga, ɗankwali, har safa. Sauran mutane sun cika babban jirgin Ifrim, kin ce in zo mu tafi tare, na ƙi. In an kai ni, ba ni na kai kaina ba, kuma ban taɓa yi wa ɗana ƙarya ba.

Na shiga mashigin. Ga shi nan a tsakiya. Ya juyo, ya kalle ni da ido ɗaya, ya yi ɗan huci, ya tsoma kai cikin ruwa yana neman abincinsa. Na wuce ta gefensa, har ina iya taɓa shi da filafili.

Kin gani? Kin gani ko?

Na zauna gefen Trofim na ajiye masa ƙwai, na zuba masa ɗan ruwan inabi a ƙasa. Na ba shi labari kamar yadda na saba, don ko kaza ce ta yi ƙwai shi nake fara gaya wa. Na ce, “Tsoho, yi haƙuri. In baƙin kake so, zan sa shi har in zo in same ka.” Na yi kuka, amma na gode wa Allah hanyar ta buɗe. Ɗankwalinki yana ƙasan akwati. Kada ki ji haushi, yana da kyau ƙwarai, ba rabona ba ne kawai.

Laraba, 7 ga Mayu

Domnica ta tafi Tulcea wajen likitan haƙori. Ifrim ne ke rubutu yau, don ba wani a kusa, kuma maganar ta cika mini ciki. Ya ce ajinsa huɗu a makaranta. Allah kaɗai ya san abin da yake zanawa.

Ban ce ka karanta na baya ba, dattijon banza! Ka rufe!

Ya karanta. Rubuta cewa ka karanta ba da izinina ba.

Ya ce wai Trofim bai taɓa lura da abin da ke kaina ba yana raye, sai yanzu da ya mutu zai zama tela? Ya ce tsuntsu ne kawai, ya ga farin abu na tahowa wajen matarsa, ya ɗauka wani namijin ne ya zo ƙwace. Na ce ni na yi kama da namijin lebada? Ya ce ta wajen huci, sosai.

Na ce ba ka san komai ba. Ya ce in ba shi ɗankwalin. Na ce ka yi me da shi? Ya ce in dai ba shi.

Na ba shi don ya ƙyale ni. Ka rubuta na gode da rubutun, ko da yake ka cika latsa biro.

Alhamis, 8 ga Mayu

Sannu da dawowa, Domnica. Ya haƙorin? Kada ki yi dariya da yawa, zai yi miki ciwo, amma ba makawa.

Da hantsi Ifrim ya zo ya ce in biyo shi a nawa kwalekwalen, in tsaya nesa. Ni ina cikin baƙina. Muna kusa da mashigi sai ya cire hularsa, ya sa farar rigar cocinsa a kan ta aiki, ya ɗaura ɗankwalinki, ya ƙulle shi a ƙarƙashin gemu. Gemu fari, fure-fure a goshi. Ya waigo ya ce, “Na yi kyau, amarya?”

Bai rufe baki ba. Fat! fat! fat! Domnica, ni ashe wasa tsuntsun ya yi mini. Ya hau shi da fukafukai, Ifrim ya miƙe zai kare fuska, kwalekwale ya karkata, sai ga ƙafafu a sama. Ruwan iya ƙirji ne, amma da sanyi. Ya taso, laka har kunne, ɗankwali na ɗiga, yana ihu:

“Matrona! Tambayi Trofim, ni ma makokin na cire da wuri?”

Na yi dariya har na kusa bin sa cikin ruwan. Sai kuma dariyar ta koma kuka, ban san ta inda ta juya ba. Kwana goma ina ganin mijina na fushi da ni. Ashe ba kowa a wurin sai wani miji, yana tsaron matarsa.

Na yi wa Ifrim miyar kifi da tafarnuwa da tuwon masara. Ya ci kwano uku yana atishawa. Mutum mai shekara saba'in da bakwai, ya shiga ruwan nan don tsohuwa ta daina tsoro. Ban san yadda ake gode wa irin wannan ba, sai na ce ya ɓata mini ɗankwali.

Me ya sa kike kau da ido? Kin ga Gavrila a Tulcea?

Kin faɗa masa.

To. Rubuta cewa ban yi fushi ba. Hannuna kika gani, kika tsorata. Da ni ce ma da na faɗa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Yanzu ga yadda nake yi: baƙi a mashigi, in bi gefen hagu, ba na kallonsa, ba na tsayawa. Ina kaiwa tudu in ɗaura farin. Na nuna wa Trofim. Bai ce komai ba, kamar dai da.

Lahadi, 18 ga Mayu

Gavrila ya zo a jirgin safe, da jakunkuna biyu ba komai ciki. Na san na zuba kayana ne. Ya riƙe hannuna yana duba inda ya yi shuɗi. Ya ce ko dai in bi shi, ko ya sami mai bindiga a gama da tsuntsun yau.

Na ce ba mai taɓa shi. Ya ce, “Inna, abin da ya kusa karya miki hannu?” Na ce alkawarinmu ba tsuntsu a ciki. Cewa ka yi in na kasa kai kaina. Shiga, in kai ka.

Farar riga ce a jikinsa, ta ofis, an goge ta tas. Na ɗauko kwat ɗin ubansa, baƙin nan mai warin kwalta. Ya ce cikin wannan zafin? Na ce ko ka sa, ko ka tambayi Ifrim ɗanɗanon lakar mashigi.

Ya sa. Ya zauna a inda ubansa ke zama, kafaɗun iri ɗaya. Na yi ta kallon filafili.

Ya miƙa hannu zai karɓi tuƙi, na buge hannun. Muka shiga. Lebada ya taso ya biyo mu a gefe, wuya a tsaye, yana rakiya kamar soja. Gavrila ya ƙanƙame katako. Na ce, “Sunkuyar da ido, ɗan birni, gidan mutane kake wucewa.” Muka wuce.

A tudu ya daɗe wajen ubansa. Da ya dawo ya tsinci ciyawa a cikin albasa, ya ce, “Sai kaka ta yi mu sake magana.” Na ce to. Kaka ma ina da abin da zan ce.

Jakunkunan sun koma cike, da busasshen kifi da albasa. Kwat ɗin ma ya tafi da shi, ni na ce ya ɗauka. Allah ya yi masa albarka, tsoro ne ya kawo shi, irin nawa.

Laraba, 21 ga Mayu

Ifrim na kwance, tari ya sauka masa ƙirji. Na kai masa madara da zuma. Ya ce in daina zuwa, mutane za su yi magana. Na ce su yi, wa ya rage da haƙoran yin ta?

Litinin, 26 ga Mayu

Domnica! Bar wankin. Sun ƙyanƙyashe!

Shida. Toka-toka, kamar an dunƙule auduga mai datti. Biyu na bayan uwar, sun leƙo ta cikin fukafukai. Shi kuma yana gaba yana hura hanci, kamar shi ya kwanta kan ƙwan. Na tsayar da filafili, ban san na tsaya ba. Ya kalle ni, ya daɗe, ya juya ya bi iyalinsa. Na ce barka, maƙwabci. Ba wai na damu da su ba, ki rubuta haka. Na dai ƙirga su sau uku, kuma gobe zan ga ko mikiya ta rage.

Ban ƙarasa tudun ba, juyowa na yi. Trofim zai ji gobe, ba inda za shi.

Ki buga wa Gavrila waya in an buɗe gidan waya, ba gaggawa. Matar firist ma ta ce a gaya mata. Amma kada ki faɗa wa kowa tukuna. Ifrim za a fara gaya wa, shi ya sha lakar.

A'a, zauna, ba ke za ki je ba. Rufe littafin. Miƙo mini farin ɗankwalin.