Rasuwar Uwargida Godelieve Vanhoutte, Uwar Ƙungiyarmu

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Zaman Lafiya ta garin Westerzele take sanar da jama'a rasuwar wadda ta assasa ta kuma ta shugabance ta, Uwargida Godelieve Vanhoutte, mai gidan burodin bakin kasuwa, wadda Allah ya yi wa cikawa a safiyar Talata bayan gajeruwar jinya.

Dattawan gari ba su manta da mijinta, marigayi Remi, ba, wanda ya dawo daga Babban Yaƙi da huhun da hayaƙin guba ya cinye, ta yi ta jinyarsa yana tari har ya cika a hannunta. Bayan binne shi ne, a shekarar 1921, marigayiya ta tara matan da yaƙi ya raba da mazajensu a bayan tanderunta, ƙungiyar nan ta samu asali. Ita ce ta bi manoma gona-gona tana roƙon duk ƙashin da garma ta tono a kawo a binne shi da mutunci, ba tare da duba maɓallin rigarsa don sanin sojan wace ƙasa ba ne.

Sa'ad da matan Jamus suka fara zuwa neman kaburburan 'ya'yansu, masaukin baƙi ya rufe musu ƙofa, ita kuwa ta shimfiɗa musu a ɗakinta. An farfasa mata taga, rabin gari ya daina sayen burodinta. Da wani maƙwabci ya tsaya a ƙofa yana kiranta 'yar koren maƙiya, abin da ta ce masa kawai shi ne: "Kai Cyriel, ɗan matar nan na kwance a gonar dankalinka. A ina kake so ta kwana?" Bayan wasu shekaru, Cyriel da kansa yake ɗauko baƙin daga tashar jirgin ƙasa a keken dokinsa.

Mun yi taruka, mun yi jerin gwano, mun shiga makarantu, mun ɗauka an ji mu. A watan jiya aka sake kiran samarinmu aikin soja, muna tsaye a tasha muna kallo. Da shugabannin ƙungiya suka je duba ta, ta dube mu ta ce: "Ni ce ban iya magana ba, ko su ne ba sa ji?" Yanzu da yaƙi ya sake ɓarkewa, ƙawayenta na Jamus ma ba mu da hanyar sanar da su rasuwarta.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga 'yar marigayiya, Uwargida Zulma, da jikoki, da Mai Girma Magajin Gari, da ɗaukacin al'ummar Westerzele, tare da addu'ar Allah ya jiƙanta, ya ba iyalinta juriyar wannan babban rashi. Za a yi jana'iza ranar Juma'a da safe a cocin gari.

A ƙarshe, muna roƙon duk wanda ya san inda aka tura rundunar ɗan marigayiya, Kofur Odiel Vanhoutte, ya taimaka ya isar masa da saƙo. Mun tambaya a duk inda muka sani, ba a gaya mana ba. Har yanzu bai san mahaifiyarsa ta rasu ba.

Achiel Depoorter,
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya,
Westerzele, Satumba 1939.