Gautan Yau Nawa Ne, Ndela

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da na shekara talatin da huɗu ina hutawa a ƙarƙashinta ban taɓa ɗaga kai na gode wa bishiyar ba. Zuwa ga Ndela Sar, uwar 'ya'yana, ruwan farkon damina, iskar kogin garinmu Ndar idan rana ta yi sanyi. Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ko da kin rantse ba za ki amsa mini ba.

Ndela, na kasa zama. Na zauna a bakin gado, gadon ya ƙi ni. Na fita na kama ƙarfen gefen jirgi ina kallon teku, tekun ya yi ta kai da komo kamar shi ma an yi fushi da shi. Sau uku na sauko hawa na biyar tun safe, na tsaya a ƙofar ɗakin ƙanwarki Kodu inda kika kwashe kayanki kika koma jiya, na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, hannun ya dawo da kansa. Hawa biyu ne kawai tsakanina da ke a cikin jirgin nan, amma wallahi tafiyar ta fi mini nisa a kan Ndar zuwa Marsel ta Faransa! Shekara talatin na yi a gidan waya ina rarraba wasiƙun mutane, ina shinshina masu turare ina yi wa masu su dariya, ban taɓa rubuta miki ko layi ɗaya ba. Yau ga ni da farin gashi, da takardar jirgi da aron biro.

Maganarki ta jiya har yanzu tana yawo a kunnena. Kin tsinci katin da aka turo ta ƙarƙashin ƙofa, kika karanta: tebur na mutum biyu, ɗakin cin abinci na musamman, ƙarfe bakwai na yammacin yau, yuro sittin kowane kai. Kafin in buɗe baki kin riga kin juya shi zuwa sefa, kin juya sefar zuwa buhun shinkafa huɗu. Kika riƙe ƙugu kika ce, “Ngom, tsufa ne ko iskar teku ce ta shige ka? 'Yarmu Tabara ta yi gumi ta biya mana jirgi da ci da sha, abinci ga shi can sama tun safe har dare ba mai ce maka kanzil, kai kuma ka kwashi kuɗi ka je ka sayi wata yunwar? Ka je ka karɓo abinka, in ba haka ba ka ci da kujera!” Kika ɗauki jakarki da butarki, kika bar mini ƙamshin turarenki a kan matashi don ya ƙarasa ni.

Ya ke farin watana, ba zan yi miki gardamar ƙarya ba. Idan cikin mutum ake tambaya, ke ce da gaskiya, kuma gaskiyarki ta yi mini yawa. Na leƙa wurin da idona kafin in biya. Faranti kamar faifai, a tsakiyarsa ɗan nama bai fi akwatin ashana ba, an ɗiga masa miya ɗigo uku, an ɗora masa ganye ɗaya kamar mai jin kunyar rana. Cokula a jere dama da hagu sai ka ce za a yi wa mutum aiki a asibiti. Na ga wani Bature ya cinye nasa a loma biyu, ya zauna yana gyaɗa kai, ni kuwa na san yunwa ce take gyaɗa shi. A can sama, inda kowa yake ɗiba da kansa, da kuɗin da 'yarmu ta riga ta biya za ki ci kaza, ki ci kifi, ki koma ki ƙara, ba mai ƙirga miki. To me ya kai ni? Me ya sa ni, Birahim Ngom, wanda kika sani yana kashe fitila a bayan baƙo, na miƙa katina na biya ko ciniki ban yi ba?

Ke ce kika kai ni, Ndela. Kwana shida ke nan muna cikin jirgin nan. Tabara ta raka mu har bakin matakala a Marsel, ta riƙe hannunki ta ce, “Mama, don Allah ki huta. Ko cokali kada ki ɗaga wa kowa.” To kin huta? Ni dai da idona nake kallo. Mu shiga wurin cin abincin nan na sama, kafin in samu kujera kin ɓace cikin layi. Ki dawo da farantina, ki koma ki ɗebo na Kodu saboda gwiwarta. Ki zauna, ki ga ba ruwa, ki tashi. Ki dawo, ki jawo kifina gabanki ki cire masa ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Shekaranjiya har wata tsohuwa da ba mu san yarenta ba kika ɗauko wa shayi. Lokacin da za ki waiwayi naki farantin ya huce, mu kuma mun ƙoshi muna sakace, sai ki tsakuri kaɗan ki ce ai ba kya jin yunwa. An sa teku tsakaninki da murhu, kin tsallako da murhun a cikin jikinki!

Kin tuna ranar da na fara cin abinci a gidanku? Ni na tuna har kalar ɗankwalinki. Aka ajiye babban kwano na shinkafa da kifi a tsakar gida, aka kewaye shi, har da ni baƙo. Kamar yadda ake yi a garinmu, kifi da kayan lambu suna tsakiya, ba mai miƙa hannu can sai mai rabo, kuma ranar ke aka bar wa rabon. Kina gutsura kina turawa gaban kowa, rogo nan, kabeji can, karas gaban mahaifinki. Sai na ga tsokar kifi mafi kyau, ta wajen ciki, ta gangaro ta tsaya a gabana. Ba ki ɗago kin dube ni ba, amma kunnenki ya tona asirinki. Wayyo, Ndela! A wannan lomar na gama yanke shawarar rayuwata. Tun daga ranar, shekara talatin da huɗu, hannun nan naki bai daina gutsurawa yana turawa ba, gabana, gaban 'ya'ya biyar, gaban baƙin da nake kwasowa ba sanarwa. Ni kuwa kaina a sunkuye, ina cin abin da ya iso gabana kamar daga sama yake faɗowa.

Shi ya sa na je wancan ɗakin cin abinci na musamman. Abin da ya tsayar da ni a ƙofarsu, na ga mata a zaune. A zaune, Ndela, hannuwansu a kan cinya! Ba layi, ba tashi, kowa da farantinsa, wani ne yake kawowa, wani yake ɗaukewa, ko ruwa sai dai a zuba maka. Na ce a raina, ga wurin da matata ba za ta samu wanda za ta yi wa hidima ba ko ta nema.

Mai kula da wurin, wani ɗan Italiya mai suna Jennaro, ya zaunar da ni ya ɗauko takarda. Na ce ba alade, ba giya, ko a miya. Ya rubuta. Sai ya ce, “To ranka ya daɗe, me uwargida ta fi so? Faɗa mini abu ɗaya, in sa kuku ya yi mata shi na musamman.” Na san yadda kike son shayinki? Ban sani ba, ke kike haɗawa. Na rufe ido na hango kwanonmu na gida, na dubi gefenki, na ga abin da kullum yake ƙarewa a gabanki. Na yi murna kamar yaron da ya tuna amsa, na ce, “Gauta! Gauta mai ɗaci. Ba ta taɓa barin sa ba.” Sai da na zana masa shi a takarda kafin ya gane. Ya dafa ƙirji ya ce gobe jirgi zai tsaya a garin Palermo, akwai masu sayar da kayan ƙasarmu a kasuwa, ko a ina yake za a nemo shi. Na sauko ina taƙama, ina jin ba mijin da ya san matarsa kamar ni.

Da safen nan na tare Kodu a wurin karin kumallo, na ce ta taya ni roƙon ki, har na tona mata asirin gautan don ta san irin tanadin da na yi. Ndela, ƙanwarki ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Ta share hawaye ta ce, “Gauta? Mijin yaya, kai dai Allah ya shirye ka! Yaya da tun muna yara in an sa gauta a miya sai ta yi kuka? Tana ci ne don babu mai ci a gidanka, kai ka ture, 'ya'yanka su ture, ita kuma ba ta iya zubar da abinci. Shekara nawa kana zaune kusa da ita, idon naka na ado ne?” Sannan ta jawo farantina ta cinye mini ƙwai.

Ita dariya ta yi, ni kuwa tun lokacin ƙasa ba ta tsaya mini ba, kuma ba laifin teku ba ne. Ya rabin raina, gauta nawa kika haɗiye a gabana? Kullum da rana, shekara talatin da huɗu, kina tauna ɗaci kina tambaya ta ko gishiri ya ji! Ina idona yake? Ina hankalina ya tafi? Na san sautin takunki a cikin na mata ɗari, na san tarinki, na san fushinki tun yana hanya bai iso ba, amma ban san abin da bakinki yake so ba. Kunya ta kama ni, Ndela, irin wadda ban taɓa ji ba. Tsoro kuma ya biyo ta, don na ƙirga shekarunmu na ga saura ba su kai waɗanda suka wuce ba, kuma zan iya mutuwa ban sani ba.

Jennaro ya ce wanda ya fasa kafin ƙarfe huɗu za a mayar masa da kuɗinsa. Na hau da niyyar bin umarninki, Allah ya sani. Na tsaya a ƙofar da agogo a hannu, huɗu saura kwata, saura goma, saura biyar. Na bar ta ta buga. Kuɗin sun tafi, ki ƙara wannan a kan laifofina. Za ki tambaye ni ko abincin ya kai kuɗinsa. Bai kai ba, kuma na yi imani za mu fito mu nemi burodi. Ni kujera na saya, awa biyu, da faranti ɗaya wanda ba mai miƙa hannu cikinsa sai ke. In da sun ce ninki biyu ne, da na yi ciniki kamar yadda kika koya mini, sannan in biya.

Ki zo, sanyin idona. Ki zo, kurciyata mai fushi. Ki sa shuɗin boyel ɗin nan da kika ɗinka don tafiyar nan kika ce ba wurin sa shi, ki kafa ɗaurinki mai tsayi har sai sun matsar da fitila. Ba sai kin yi mini magana ba. Ki harare ni daga farko har ƙarshe in kin ga dama, hararar ma a zaune nake son ta. Za su miƙo miki takardar abinci, ni kuwa na rantse ba zan ce uffan ba. Ba zan ce kaza ta fi ba, ba zan ce kifi ya fi ba. Zan kame bakina in kasa kunne, in ji da kunnena abin da Ndela Sar za ta zaɓa idan ba kowa a gabanta sai kanta. Gobe da safe muna Marsel, jibi jikoki sun kewaye kwano, hannunki ya koma aikinsa. Yammacin yau kaɗai nake da shi.

Saura magana ɗaya. Gautan nan an samo shi. Kuku ya aiko mutum har kasuwar Palermo, guda shida, manya, kore shar, kuma Jennaro ya ce tun azahar aka ɗora su. Na roƙe shi ya goge abin da na faɗa daga takardarki, layin yana nan fari yana jiran ki. Gautan kuwa na ce a kawo shi duka, a ajiye a gabana. Kin san ban taɓa kai shi bakina ba tun da aka haife ni. Ƙarfe bakwai zan zauna a tebur na kusa da taga. Idan kin zo, zan cinye shi kina kallo, guda shidan nan, ba ruwa ba yamutsa fuska. Idan ba ki zo ba, zan cinye shi ina kallon kujerarki. Daga yau kuma har ranar da za a ɗauke ni, duk kwanon da aka ajiye a gidanmu, ki turo gautan gabana.

Zan tura wannan takarda ta ƙarƙashin ƙofa in gudu, kada Kodu ta kama ni.

Naki jiya, naki yau, naki har numfashin ƙarshe, mai jiran ki da yunwa da kunya,

Birahim Ngom
Hawa na bakwai, ɗakin da kika bari