Kwanon Tubanin Juma'a

Moshi Zongo, Tamale

Zuwa ga ɗalibata Basiratu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya Kumasi da aikin binciken?

Irin waken da kika kawo mini ya yi kyau a bayan gida, tsutsa ko kusa ba ta zo ba. Murna ta sa na yi kuskure. A gidan suna na tsaya ina yi wa mata bayani kamar ina aji, cewa masana ne suka gyara ƙwayar halittarsa. Kafin la'asar magana ta zama wai yana hana haihuwa.

Kin san ni da mahaifiyarki Fusena, tun rasuwar maigidana kowace Juma'a ina aika mata tubanin wake, ita kuma ba ta taɓa mayar da kwanona babu komai ba. Makon jiya ya dawo a rufe, yadda na aika shi. Da na je, daga bakin ƙofa ta ce, "Madam, ki ci bokonki ke kaɗai, ni ina da 'ya'ya mata." Har man kaɗen da nake sayarwa a unguwar Sakasaka an fara tambaya ko shi ma na gyara shi. Yaran da nake yi wa darasin yamma sun daina zuwa. Ina shimfiɗa tabarma in naɗe.

Ki kira ta mana. Ke za ta saurara.

Malamarki,
Adiza

*

Kumasi

Madam,

Wa'alaikumus salam. Na karanta, na kasa cin abinci.

Ki gafarce ni. Mama ba ta san ni na ba ki irin ba. Ta ɗauka takin zamani nake bincike a kai. In ta ji, za ta ce in tattara in dawo gida, kuma kin san za ta iya. Don Allah kada ki faɗa mata, sai na kammala.

Waken lafiyarsa ƙalau, ni ma shi nake ci.

'Yarki,
Basiratu

*

Basiratu,

Salamu alaikum. Kwantar da hankalinki, ki yi karatunki.

Jiya Fusena ta tare ni a hanyar masallaci ta ce, "Wane marar tsoron Allah ne ya ba ki wannan irin?" Na ce wani baƙo ne. Ta ce Allah ya isa. Ban ce amin ba.

Yau Juma'a. Na dafa tubani kamar kullum, sai da na zuba a kwanon da nake aika mata na tuna. Na zauna na ci. Ya yi daɗi, Basiratu.

Allah ya yi miki albarka.
Adiza