Asalin Sunanmu Depner

Zuwa ga ƙanena Hartwig,

Gaisuwa mai yawa daga gida. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Irmgard, Allah ya ƙara maka sauƙin ƙirjin nan. Mu nan Mediaș lafiya lau, an gama tsinkar inabi, sanyi ya fara leƙowa.

Wasiƙarka ta hana ni sukuni. Ka ce jikanka Jannik zai ajiye sunanmu ya ɗauki na amaryarsa, don a can Jamus abokan aikinsa suna gutsure Depner su kira shi Dep, wato wawa. Na yi kuka, domin ni ma ban san da me zan kare sunan ba. Baba bai dawo daga aikin dole a Rasha ba balle mu tambaye shi.

Ranar Lahadi na kai kukana wurin Fasto Gudrun. Ta yi dariya, ta ce shekara tamanin ina yawo da suna ban taɓa leƙa cikinsa ba. Kwana uku muka yi a ɗakin tsofaffin littattafan coci, tana karantawa ina atishawa. A harshen kakanninmu, in ji ta, Depner maginin tukwane ne. Ta nuna mini wani Mechel Depner na shekara ɗari uku da suka wuce, an rubuta sana'arsa gefen sunansa. Da annoba ta shigo, ya binne 'ya'ya biyar cikin wata guda, ɗaya ya rage masa. Daga wannan ɗayan muka fito, Hartwig. Maƙwabciyata Domnica da ta ji, cewa ta yi ba mamaki, dama kaina ya fi gasasshiyar tukunya tauri.

Fasto ta ɗauki hoton shafin ta tura wa Jannik. Jiya ya kira ni, ya ce ya fasa ajiye sunan. Amaryar ma ta karɓi wayar ta ce, "Kaka, ni nake son sunan, ko shi ya ajiye zan ɗauka." Na rasa bakin godiya, ga Allah, ga Fasto, gare ka da ba ka ɓoye mini ba.

Jannik yana so ya gaya maka da bakinsa, ni ce na kasa haƙuri. Idan ya zo, ka yi kamar ba ka ji ba.

Ka gaida Irmgard, da 'yarka Sigrid da mijinta.

Yayarka mai ƙaunarka,
Ottilie Depner